Ƙaton Ƙarfe Ya Zama Mai Bin Sawu: Darasi Daga Wani Wasan Japan Ga Iyaye A Adjamé Da Treichville

Duk wanda ke ratsa lungunan Adjamé da na Treichville da yamma, bayan an tashi daga lakwal, ya san irin shagunan nan da ake jera akwatunan talabijin, yara su cika benci suna danne-dannen na'urar wasa har a kira magariba. Da yawa daga iyayenmu ba sa shiga irin waɗannan wurare, sai dai su tsaya bakin ƙofa su daka wa yaro tsawa, ko su aika wansa ya jawo shi da kunne. A wurin mafi yawanmu duk wasannin nan abu guda ne, wato ɓata lokaci da cinye ɗan canjin da aka ba yaro don ya sayi garba. Akwai gaskiya cikin wannan ƙorafi, amma fa abin da mutum bai sani ba yana da wuya ya iya yi masa linzami. Saboda haka a wannan wata za mu ɗauki wasa guda ɗaya na ƙasar Japan, mu bi asalinsa, mu ga abin da ke cikinsa, sa'an nan mu duba inda ya shafe mu, mu Hausawa mazauna Abidjan.

Sunan wasan da Japananci Meitantei Evangelion, ma'anarsa gwanin mai bincike na Evangelion. Kafin mu kai gare shi sai mun koma baya kaɗan.

ASALIN ƘATTIN ƘARFE

A shekarar 1956 wani mai zane mai suna Mitsuteru Yokoyama ya fara buga labarin wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da ake kira Tetsujin 28, aka mai da shi fim ɗin zane na talabijin a 1963. Wanda ke sarrafa wannan ƙato yaro ne ɗan kimanin shekara 10 mai suna Shotaro, yana riƙe da wani ɗan akwati a hannu yana ba shi umarni daga nesa. Abin lura shi ne, sana'ar wannan yaro bin sawun masu laifi, yana taimaka wa 'yan sanda. Ke nan tun ran gini, ƙaton ƙarfe da mai bincike tare aka haife su.

A 1972 wani mai zanen, Go Nagai, ya fito da Mazinger Z, inda matuƙi ke shiga cikin kan ƙaton ya tuƙa shi kamar mota. A 1975 kuma ya fito da Grendizer, mai kashi 74, wanda tashar Antenne 2 ta Faransa ta fara nunawa ranar 3 ga Yuli, 1978 da sunan Goldorak. Da wannan suna ne ya iso ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, ta talabijin da kaset-kaset na bidiyo, kuma har yau in ka ambaci Goldorak da Actarus a gaban magidanci ɗan shekara arba'in ko hamsin da ya girma a Abidjan, sai ka ga ya yi murmushi. Ƙasashen Larabawa su ma sun fassara shi da harshensu, ya yi farin jini ƙwarai. A Faransa kanta iyaye sun yi ta kuka da irin faɗace-faɗacen da ke cikin waɗannan finafinai, har 'yar siyasar nan Ségolène Royal ta rubuta littafi a kai a 1989. Wato damuwar da muke yi yau ba mu muka fara ta ba.

LABARIN EVANGELION

Daga watan Oktoba 1995 zuwa Maris 1996, tashar TV Tokyo ta nuna wani sabon fim ɗin zane mai kashi 26, wanda kamfanin Gainax ya shirya a ƙarƙashin jagorancin Hideaki Anno. Shi ne Neon Genesis Evangelion. An ɗora labarin a shekarar 2015, a wani birni da aka ƙirƙira mai suna Tokyo-3, inda wasu dodanni ke kawo hari ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ke iya tare su sai wasu ƙatti da ake kira Eva, waɗanda a ido kamar ƙarfe ne, amma halittu ne masu rai da aka sa wa sulke, kuma yara 'yan shekara 14 ne ke tuƙa su.

Babban tauraron labarin yaro ne mai suna Shinji Ikari. Uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, ubansa Gendo ya jefar da shi wurin riƙo, bai neme shi ba sai ranar da yake bukatar wanda zai shiga cikin ƙaton. Uban shi ne shugaban hukumar NERV mai yaƙi da dodannin. Abin da ya bambanta wannan fim da Goldorak shi ne, Actarus jarumi ne da ya san abin da yake yi, shi kuwa Shinji yaro ne mai tsoro, mai gudun mutane, wanda duk faɗan da yake yi yana yinsa ne don ubansa ya dube shi ya ce ya kyauta. Wanda duk ya taɓa koyarwa a aji ya ga irin wannan yaro, wanda uban ya tafi neman kuɗi Bouaké ko San-Pédro, ko yana gida amma ba ya sakar masa fuska sai ranar da zai aike shi.

Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da yadda masu shi suka zata. An yi masa fim na silima a 1997, aka sake shirya labarin cikin finafinai 4 daga 2007 zuwa 2021, kuma a 2019 Netflix ta sa shi a gaban masu kallo na ƙasashe da dama. Kamfanin Gainax kansa ya karye a 2024, amma labarin yana hannun kamfanin Khara da Anno ya kafa.

YADDA WASAN YAKE

Al'adar 'yan kasuwar Japan ce in labari ya karɓu sai a yi ta fitar masa da rassa, kamar yadda mahauci ba ya zubar da fata ko ƙaho ko ƙashi. An yi wa Evangelion littattafan zane, da 'yan tsana, da wasannin bidiyo iri-iri, har da na'urorin caca da ake kira pachinko. Cikin waɗannan rassa ne kamfanin Broccoli ya fitar da Meitantei Evangelion ranar 18 ga Janairu, 2007, don na'urar PlayStation 2.

A cikin wannan wasa an ɗauko mutanen fim ɗin aka sa su a wata hanya dabam. Ana samun kashe-kashe masu ɗaure kai a Tokyo-3, aka ɗora wa Shinji aikin gano bakin zaren. Mai wasa shi ne ke tafiyar da Shinji: ya je inda abin ya faru, ya duba abin da aka bari a wurin, ya yi wa mutane tambayoyi, ya haɗa maganar wannan da ta wancan, har ya gano wanda ke da hannu. Da yake laifukan suna da alaƙa da dodannin, in bincike ya kai ƙarshe sai a koma fagen fama a cikin Eva. Ke nan rabin wasan karatu ne da tunani, rabi kuma faɗa. A 2010 an kuma fara buga wani littafin zane dabam da ya sa Shinji aiki a ofishin masu bincike.

Kada mai karatu ya yi mamakin wannan haɗi. Japanawa suna da tsohuwar sha'awa ga labarin yaro mai bincike. Marubucinsu Edogawa Rampo ya shigo da ƙungiyar yara masu bin sawu cikin littattafansa tun 1936. A 1983 Yuji Horii ya yi wasan kwamfuta na binciken kisan kai mai suna Portopia, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farko a ƙasar. A 1994 Gosho Aoyama ya fara labarin Détective Conan, wanda yaranmu da dama suka sani da Faransanci ko da Larabci. A 2001 kamfanin Capcom ya fitar da wasan lauya Phoenix Wright, inda mai wasa ke sauraron shaida a kotu yana neman inda maganarsa ta ci karo da hujja. Saboda haka da aka ba Shinji aikin bincike, komawa aka yi ga abin da Shotaro ya fara shekara 51 kafin nan.

HANYAR DA TA BIYO TA ADJAMÉ

PlayStation 2 ta fito a Japan a watan Maris 2000, ta shiga Turai a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma kafin a daina ƙera ta a farkon 2013 an sayar da fiye da miliyan 155. Mafi yawan waɗanda suka iso mana kwance ne daga Turai. A shekarun 2000 kasuwar nan ta Adjamé da ake kira Black Market ta yi suna wajen kayan lantarki da wayoyi, kuma a irin waɗannan rumfuna ne masu gyara suka ƙware wajen buɗe na'ura su sa mata wani ɗan ƙarfe da ake kira puce. Dalilin haka shi ne, kamfanin Sony ya raba duniya shiyya-shiyya, faifan Japan ba ya tashi a na'urar Turai, kwafin faifai kuma ba ya tashi ko kaɗan, sai an yi wa na'urar wannan dabara.

Meitantei Evangelion dai a Japan kaɗai aka sayar da shi, kuma kamfanin bai fassara shi da Faransanci ko Ingilishi ba. Ko da faifan ya faɗo hannun yaro a Adjamé, kuma na'urarsa tana da puce, to ya tsallake katanga ɗaya ne kawai, saura ta harshe, wadda mai gyara ba ya iya buɗewa da sukundireba. Wannan ya nuna mana dalilin da ya sa wasannin da suka mamaye shagunan unguwanninmu su ne ƙwallon ƙafa da dambe da tseren mota. Wasan ƙwallo na Pro Evolution Soccer ba ya bukatar karatu. A lokacin da Giwaye suka je gasar cin kofin duniya karo na farko a Jamus a 2006, kowane yaro Drogba yake so ya riƙe. Ga mai shago kuma wasan minti goma da mutum biyu za su biya su tashi ya fi riba a kan labarin da mutum ɗaya zai kwana yana karantawa.

Abin da wannan ya haifar shi ne, daga cikin dukan abin da masana'antar wasanni ke yi, kason da ya fi isowa ga 'ya'yanmu shi ne wanda ba ya neman su karanta ko layi ɗaya. Alhali kuwa yaron da zai zauna jarrabawar CEPE ko BEPC, babbar matsalarsa sau da yawa ita ce ya karanta shafi guda ya fahimci wa ya yi me, yaushe, kuma don me. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da wasan bincike ke sa mai wasa ya yi, kuma yana yinsa da son ransa ba tare da bulala ba. Dokar 2015 ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 a wannan ƙasa, amma doka tana iya kai yaro aji ne kawai, sha'awar karatu sai an dasa masa ita.

INA HUJJA?

Akwai wani amfani da ya fi na jarrabawa. Ƙa'idar kowane wasan bincike ita ce, ba ka cin nasara da zargi. In ka nuna mutum da yatsa ba ka da abin da za ka kafa hujja da shi, wasan zai mayar da kai baya. Wanda ya fi kama da mai laifi sau da yawa ba shi ba ne, kuma shaidar da ta fi ƙarfin murya tana iya zama ta ƙarya.

Mu da muke zaune a matsayin 'yan tsiraru mun san farashin zargi maras hujja. Ranar 19 ga Mayu, 2021, wani hoton bidiyo ya bazu a Facebook da WhatsApp, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kodebuwa. Kafin rana ta faɗi an far wa 'yan'uwanmu a Abobo da wasu unguwannin Abidjan, an jikkata mutane, an farfasa rumfuna an kwashe kaya. Daga baya ta tabbata cewa bidiyon tsoho ne, a Nijeriya aka ɗauke shi, kuma ba shi da wata alaƙa da abin da aka faɗa. Kotu ta ɗaure matar da ta yi kiran a ɗauki fansa shekara 5. Da a ce waɗanda suka kalli bidiyon sun tsaya sun yi tambayoyi uku na mai bincike, wato a ina aka ɗauka, yaushe, kuma wa ya ce haka, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Kuma kada mu ɗauka wasu ne kaɗai ke da wannan cuta, domin a cikin wayoyinmu ma ana tura hotuna da muryoyi irin waɗannan dare da rana, muna cewa an ce, muna turawa gaba.

Wannan tarbiyya ta neman hujja ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, duba inda riga ta yage aka yi, gaba ko baya, aka gane mai gaskiya. Alƙalanmu na shari'a ba sa karɓar ƙara sai mai ƙara ya kawo shaidu. A karkarar Maraɗi da Katsina akwai masu bin sawu, waɗanda in an sace saniya za su dubi ƙasa su faɗa maka ko mutum nawa ne, da inda suka nufa. Akwai kuma tatsuniyar alƙalin da ya raba wa waɗanda ake tuhuma kara masu tsawo ɗaya, ya ce na ɓarawo zai ƙaru da ɗan yatsa kafin safiya, ɓarawon ya je ya rage nasa ya tona wa kansa asiri. Abin da Japanawa suka yi shi ne sun ɗauki irin wannan hikima tasu sun zuba ta cikin abin da yaran zamani ke so.

ABIN DA IYAYE ZA SU LURA DA SHI

Duk da haka, ba muna cewa a sakar wa yara kowane faifai ba ne. Da farko, Evangelion ba na ƙananan yara ba ne, ko da yake zane ne. Akwai jini a cikinsa, akwai shiga maras kyau, akwai kuma nauyin baƙin ciki da yaro ƙarami ba zai iya ɗauka ba. Na biyu, an yi amfani da sunaye da alamomi na addini a ciki. Dodannin da Japananci ana kiransu shito, wato manzanni, a fassarar Faransanci kuma aka ce mala'iku, ana kuma ambaton Adamu. Ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan fim ɗin, Kazuya Tsurumaki, ya bayyana cewa sun ɗauko waɗannan alamomi ne don fim ɗinsu ya bambanta da sauran, ba don wata da'awa ba. To amma yaron da ke zuwa makarantar allo da safe yana bukatar babba ya zauna da shi ya rarrabe masa tsakanin ƙagen masu zane da abin da addini ya karantar.

Na uku, a koyi duba bangon faifai. Wasannin da suka biyo ta Turai suna ɗauke da alamar PEGI tun 2003, mai lamba 3, 7, 12, 16 ko 18, wato mafi ƙarancin shekarun wanda ya dace ya yi wasan. Na Japan kuma suna da haruffan CERO: A na kowa, B daga shekara 12, C daga 15, D daga 17, Z kuma na manya kaɗai. Ko uban da bai yi lakwal ba yana iya gane lamba 18. Na huɗu shi ne lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, idan abin ya kai mutum ya kasa tsayawa, ya bar sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ɗore a haka kimanin wata 12. Yawancin yara ba sa kaiwa nan, amma in ka ga yaro ya fara barin salla, ya bar aji, ko kuɗi sun fara ɓata a gida, to lokacin zama da shi ya yi. Yau kuma shagon wasa ya koma cikin wayar hannu, yana shiga ɗaki har ƙarƙashin bargo, saboda haka tsawa daga bakin ƙofa ba ta isa.

NAMU FA?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta harshe. Ɗan Bahaushe a Treichville yana karatu da Faransanci, yana ciniki da Julanci, yana hira da abokansa da Nushi, yana kallo da wasa da harsunan da ba nasa ba. Hausa ta rage masa a gaisuwa da faɗan uwa. In harshe bai shiga inda yaro ke jin daɗi ba, da wuya ya riƙe shi har ya koya wa nasa 'ya'yan.

Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sun fara nuna hanya. Jaridar barkwanci ta Gbich! tana zana rayuwar Abidjan tun 1999. Marguerite Abouet ta fitar da Aya de Yopougon a 2005, a 2017 kuma ita da Donatien Mary suka fitar da Commissaire Kouamé, labarin wani kwamishinan 'yan sanda mai binciken kisan kai a nan Abidjan. Kamfanin Afrika Toon ya yi fim ɗin zane na Pokou a 2013, kuma tun 2017 aka fara bikin wasannin bidiyo na FEJA a wannan birni, inda matasa daga ƙasashen Afirka ke haɗuwa.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Tun 1934 muna da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, muna da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kuma a 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi tafiya sararin sama. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da kacici-kacici. Wasan bincike kuwa yana cikin mafi sauƙin shiryawa, domin hotuna ne da rubutu da zaɓi, kuma akwai manhajoji na kyauta da ake yinsa da su. A cikin samarin da ke gyaran waya a Adjamé akwai masu basirar da za su iya. Labarin buhun goro da ya ɓace tsakanin tasha da sito, ko ragon layya da aka musanya da dare, in an rubuta shi da Hausa da Faransanci gefe da gefe kamar wannan mujalla, zai koya wa yaro karatu da harsuna biyu da kuma neman hujja a zama ɗaya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni, da ƙungiyoyin matasa, da malaman boko da na allo, da 'yan kasuwarmu masu hali, su dubi wannan al'amari da idon basira. Kafin a kai ga haka, kowane uba yana iya farawa daga gidansa a wannan mako: ya zauna kusa da ɗansa, ya tambaye shi wasan me yake yi, ya ce ya ba shi labarin da Hausa daga farko har ƙarshe. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.